Yadda Ake Daidaita Gudun Furosesa da Cin Batir a Laftop Lokacin Zafin Sakkwato

Duk mai riƙe da wayar Android ya san wannan: ana cikin kallon bidiyo ko buga gem da rana tsaka, sai bayan wayar ya ɗau zafi, hoto ya fara sarƙewa, hasken sikirin ya ragu da kansa. Wayar lafiyarta ƙalau. Furosesan da ke cikinta ne ya rage gudu don kada ya ƙone. Haka abin yake a kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftop, sai dai ita tana ba mai ita damar ganin abin da ke gudana da kuma sa hannu a ciki, fiye da yadda waya ke bari.

A Sakkwato wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, alhali kamfanoni irin su Dell, Lenovo da Apple sun rubuta a takardun yawancin laftop ɗinsu cewa iyakar zafin wurin da aka ƙera su su yi aiki shi ne digiri 35. Ke nan ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke rubuta furojet a ɗakinsa na Dundaye da azahar, babu wuta babu fanka, ya riga ya wuce iyakar tun kafin ya buɗe ko fayil ɗaya. Idan na'urar ta fara jan ƙafa, abin da aka saba faɗa shi ne bairos ya shige ta. Sai a kai ta shago a yi fomatin, a biya kuɗi, a rasa fayiloli, bayan kwana biyu kuma nawar ta dawo yadda take. Abin da ya kamata a fara yi shi ne gano wanda ya riƙe wa furosesa linzami: babbar manhaja ce, ko zafi, ko caja. Kowane daga cikinsu maganinsa daban.

Me ya sa furosesa ke sauya gudu?

Ana auna gudun furosesa da GHz, wato sau biliyan nawa yake bugawa a daƙiƙa ɗaya. Lambar da aka rubuta a takardarsa ba ita yake yi kullum ba. Ɗauki Intel Core i5-8250U, wanda ya fito a 2017 kuma ake samunsa a ThinkPad T480 da Dell Latitude 5490 da sauran laftop na hannu da suka cika kasuwa. Gudunsa na asali 1.6 GHz ne, yana iya tashi har 3.4 GHz idan aiki ya taso, idan kuma babu aikin yi yana sauka ƙasa da 1 GHz. An tsara shi ne a kan wat 15 na zafi idan aiki ya ɗore, amma ana barinsa ya wuce haka na ɗan lokaci. Wannan tsallen na ɗan lokaci shi Intel ke kira Turbo Boost, wanda ta shigo da shi a 2008.

Dalilin hawa da saukar yana cikin lissafi. Wutar da furosesa ke ci tana ƙaruwa daidai da gudunsa, amma tana ƙaruwa da boltej sau biyu, wato boltej a ninka da kansa. Kuma duk lokacin da ake son ƙarin gudu dole a ƙara boltej. A lissafin misali, idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, boltej ma ya sauka da kashi 20, sai a ninka 0.8 sau uku, a samu 0.51. Wato an rasa kashi ɗaya cikin biyar na gudu, an tsira da kusan rabin wutar. Duk wutar da furosesa ya ci kuwa zafi take komawa. Shi ya sa matakan can sama na Turbo su ne mafi tsada: ɗan ƙarin gudu, zafi mai yawa.

Dabarar ta daɗe. Ƙa'idar ACPI, wadda ke ba babbar manhaja damar yin magana da na'ura kan sha'anin wuta, Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da ita a 1996. A shekarar 2000 Intel ta kawo SpeedStep, AMD ta kawo PowerNow!. Daga furosesa na ƙarni na 6 da Intel ta fitar a 2015 kuma aka samu Speed Shift, inda furosesan ne da kansa ke zaɓar gudu, babbar manhaja sai dai ta gaya masa ɓangaren da take so ya karkata, ƙarfi ko tsimi.

A fara da kallo

A Windows, sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, a shiga Performance, a zaɓi CPU. A nan akwai Speed da Base speed. A bar shafin a buɗe, a kunna wani aiki mai nauyi, kamar bidiyo mai girma ko shafukan Chrome goma, a zuba ido na minti biyar. Don ganin zafi ana buƙatar ƙaramar manhaja kamar Core Temp ko HWiNFO, duka kyauta ne.

A Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, sai a buɗe Terminal a rubuta:

watch -n1 "grep MHz /proc/cpuinfo"

A wata tagar kuma a shigar da lm-sensors da umarnin sudo apt install lm-sensors, sannan a rubuta sensors.

Abu uku ake iya gani. Idan lambar tana hawa lokacin aiki, tana sauka lokacin hutu, zafi kuma bai kai 90 ba, tsarin yana aiki daidai, nawar daga wani wuri take, galibi ƙarancin RAM ko tsohon hadis mai faifai. Idan lambar ta tashi sama, zafi ya doshi 95 zuwa 100, sai gudu ya faɗo, to zafi ne. Yawancin furosesan Intel na laftop digiri 100 ne iyakarsu, da sun kusance ta suke taka birki. Idan kuwa lambar ta maƙale a 0.39 ko 0.79 GHz ba ta motsi, na'urar kuma da sanyinta, wannan ba maganar zafi ba ce, kuma babu saitin Windows da zai gyara ta.

Matsalar caja

Wannan na ukun ya fi wahalar da mutane, domin babu wanda ke zargin caja matuƙar tana kawo wuta. Cajar Dell mai zagayayyen baki tana da wata siririyar allura a tsakiya. Ta cikinta cajar ke gaya wa laftop wat nawa take iya bayarwa, 45 ko 65 ko 90. Idan allurar ta karye, ko wayarta ta tsinke daga ciki saboda yawan naɗewa, ko cajar jabu ce da ba ta da ƙwayar da ke ba da wannan bayani, laftop ba za ta amince da ita ba. Za ta ci gaba da aiki, amma ta ƙi cajin batir, ta kuma danne furosesa ƙasa don kada ya ja abin da cajar ba za ta iya ɗauka ba. Cajojin HP masu shuɗin baki ma suna da allura mai irin wannan aiki.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A kashe Dell ɗin, a kunna ana danna F2 har BIOS ya buɗe, a duba bayanin batir, wurin da aka rubuta AC Adapter. Idan an ga 65W ko makamancin haka, cajar ta wuce. Idan an ga Unknown, an kama ɓarawo. Sai a ari cajar asali wurin wani mai irin laftop ɗin a gwada kafin a sayi komai, domin wani lokaci ramin da ake soka cajar ne ya lalace, ba ita ba. Mai sayen caja a kasuwa ma gara ya je da laftop ɗinsa ya yi wannan gwajin a gaban mai shago. Nauyin caja da kyan tambarinta ba hujja ba ne.

Mataccen batir ma yana jawo haka. Wasu laftop, musamman tsofaffin ThinkPad masu cajar wat 65, sukan rage gudu idan babu batir a jikinsu, domin batir ne ke cike giɓi idan furosesa ya buƙaci wuta mai yawa farat ɗaya.

Saƙon da sauran sassan na'ura ke aika wa furosesa cewa ya sauka sunansa BD PROCHOT. A intanet ana yawan ba da shawarar a ɗauko manhajar ThrottleStop a cire alamar da ke gefensa, gudu ya dawo. Yana dawowa kuwa. Amma wannan kamar cire fitilar gargaɗin mai ne a mota don tana damun direba. Idan wata ƙwayar auna zafi ce ta rikice tana ba da rahoton ƙarya, kashe saƙon na iya zama mafita. Idan kuwa caja ce ba ta da ƙarfi, ko batir ne ya kumbura, an tilasta wa abin da ya gaji ɗaukar kaya, kuma a zafin bazara ƙarshensa konewar caja ne ko allon na'urar gaba ɗaya. Kuɗin caja bai kai kuɗin allo ba.

Idan zafi ne

Kafin a taɓa kowane saiti, a duba hanyar iska. Ƙurar hunturu da ke sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa tsakanin fanka da siraran ƙarafan da ke fitar da zafi, ta zama kamar auduga. Bazara na zuwa ta tarar da hanyar a toshe. A kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ya kuma sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, wanda a laftop na hannu galibi ya bushe tun kafin ta shigo ƙasar. Aza laftop a kan katifa ko darduma kuwa toshe mata hanci ne. Faranti, ko littattafai biyu a ƙarƙashin gefunanta, sun wadatar.

Bayan haka sai saiti, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Wasu suna ɗaure furosesa a mafi ƙanƙantar gudu da sunan tsimin batir. Wannan ba kullum yake biya ba. Furosesa yana da matakan barci da yake shiga tsakanin aiki da aiki, ko da na ɗan ƙiftawar ido ne, kuma a cikinsu kusan ba ya cin komai. Idan ya gama aiki da wuri ya koma barci, sau da yawa ya fi tsimi a kan ya daɗe yana jan ƙafa, sikirin da sauran sassa suna ta cin wuta suna jiransa. Abin da ya dace shi ne a rage masa rufin sama, a bar ƙasan yadda yake.

A Windows, sai a shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, a nemo Processor power management. Minimum processor state a bar shi a 5. Wasu masu gyara suna mayar da shi 100 wai don na'ura ta yi sauri, abin da ke hana furosesa sauka ko da babu aiki. Maximum processor state kuma idan aka mayar da shi 99 maimakon 100, a laftop da yawa hakan na kashe Turbo Boost gaba ɗaya. Idan wannan zaɓin bai bayyana ba, kamar yadda yake a wasu sababbin na'urori, sai a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator a rubuta:

powercfg /setacvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PROCESSOR PROCTHROTTLEMAX 99

powercfg /setdcvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PROCESSOR PROCTHROTTLEMAX 99

powercfg /setactive SCHEME_CURRENT

Layin farko na lokacin da caja ke jiki ne, na biyu na lokacin batir. Don komawa yadda ake, sai a maimaita da 100.

Sai dai ribar ta danganta da irin furosesan. Core i5-6300U, wanda ke cikin HP EliteBook 840 G3, gudunsa na asali 2.4 GHz ne, na Turbo 3.0. Mai shi ba zai ji wani babban bambanci ba, fanka kuma za ta lafa. Shi kuwa i5-8250U daga 3.4 zai koma kusa da gudunsa na asali, kusan rabi ke nan, kuma za a ji a jiki. Ga irinsa ya fi kyau a bar 100, a shiga Settings, System, Power & battery a Windows 11, a mayar da Power mode zuwa Best power efficiency da rana, a mayar da shi Balanced idan gari ya yi sanyi.

A Linux

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da ke ƙasa da ƙarni na 8. Laftop na hannu masu ƙarni na 6 da na 7 kuwa ba su ƙirguwa a hannun ɗalibai, don haka Linux ya zama hanya ga da yawa. Wanda ya koma can zai tarar da tsarin da wayarsa ke amfani da shi, domin Android a kan kanel ɗin Linux aka gina ta. Sashen da ke kula da gudu sunansa cpufreq, kuma yana da hawa biyu: direba, wanda ke magana da furosesa, da gwamna, wanda ke yanke shawarar gudun da za a yi. Sunan gwamna daga injina aka aro shi. A janareta ma akwai ƙarfen da ke ƙara wa inji mai idan an ɗora masa lodi, kuma sunansa ke nan.

Don ganin su:

cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/scaling_driver

cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpufreq/scaling_governor

Idan Terminal ya ce babu wannan fayil, mai yiwuwa an kashe SpeedStep a BIOS. Sai a shiga, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, a kunna shi, tare da Speed Shift idan akwai.

A yawancin laftop na Intel amsar farko intel_pstate ce, ta biyu powersave. Kalmar powersave ɗin nan tana ruɗar mutane ƙwarai. A tsohon direba acpi-cpufreq, ma'anarta a ɗaure furosesa a ƙasa kada ya tashi. A ƙarƙashin intel_pstate kuwa ma'anarta ya hau ya sauka gwargwadon aiki, wato dai abin da ake so. Wanda ya karanta tsohon darasi ya ga powersave ya mayar da shi performance, ya ƙara wa kansa zafi ne a banza. Mai acpi-cpufreq ko intel_cpufreq shi ne ke da zaɓin gwamnoni da yawa, kuma schedutil, wanda ya shigo kanel 4.7 a 2016 kuma wayoyin Android da yawa ke amfani da shi, ya wadatar. Masu Ryzen na zamani suna da amd-pstate, wanda ya fara zuwa a kanel 5.17 a 2022; idan an ga amd-pstate-epp, powersave ɗinsa irin na Intel ne.

Don tabbatar da cewa zafi ne ke taka birki a Intel, akwai fayil mai ƙirga sau nawa abin ya faru:

cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/core_throttle_count

Idan lambar tana ƙaruwa lokacin aiki, magana ta ƙare.

A nan Linux ya fi Windows sauƙin sarrafawa, domin ba dole sai an kashe Turbo duka ba, ana iya yanke shi a inda ake so:

echo 70 | sudo tee /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/max_perf_pct

A i5-8250U, kashi 70 na 3.4 ya kama kusan 2.4 GHz. Ya fi gudun asali sosai, kuma an kauce wa matakan da suka fi haifar da zafi. A gwada 80, a gwada 60, ana kallon sensors, har a samu lambar da zafi ke tsayawa ƙasa da 85 a lokacin da ɗakin ya fi zafi. Mai son kashe Turbo gaba ɗaya sai ya aika 1 zuwa fayil ɗin no_turbo da ke wannan wurin.

Waɗannan suna gogewa da zarar an kashe na'ura. Don su zauna ana amfani da TLP: sudo apt install tlp, sannan a buɗe /etc/tlp.conf a gyara layukan nan, a cire alamar # da ke gabansu:

CPU_MAX_PERF_ON_AC=80

CPU_MAX_PERF_ON_BAT=60

CPU_ENERGY_PERF_POLICY_ON_BAT=balance_power

Sai sudo tlp start, a duba sakamako da sudo tlp-stat -p. Amma akwai tarko. Ubuntu tana zuwa da power-profiles-daemon, wanda shi ne ke bayan maɓallan Power Saver da Balanced da ke kusurwar sikirin. Shi da TLP fayiloli ɗaya suke taɓawa, kowa yana goge na ɗan'uwansa, sai mutum ya ga saitinsa na sauyawa ba dalili. A zaɓi ɗaya. Wanda maɓallan suka ishe shi kada ya shigar da TLP. Wanda ke son TLP ya cire ɗayan da sudo apt remove power-profiles-daemon. Ƙara auto-cpufreq a kansu kuma direba na uku ne a mota ɗaya.

Batir ɗin kansa

Duk wannan saitin ba zai mayar da tsohon batir sabo ba, don haka yana da kyau a san abin da ya rage a cikinsa. A Windows, umarnin powercfg /batteryreport yana fitar da fayil mai nuna Design capacity da Full charge capacity, wato abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. A Linux sudo tlp-stat -b yana nuna haka. Mai sayen laftop na hannu ya yi wannan kafin ya miƙa kuɗi. Minti ɗaya ne, kuma ya fi alƙawarin "tana yin awa huɗu" tabbas.

Abu biyu ne ke saurin tsufar da batirin litiyom, na waya ko na laftop: zafi, da daɗewa a cike taf. A Sakkwato kan haɗu duka biyun. Kamfanonin sun ba da hanyar tsayar da caji kafin ya cika: a BIOS na Dell akwai Primary Battery Charge Configuration, a na HP na ofis akwai Battery Health Manager mai tsayarwa a 80, a Lenovo akwai manhajar Vantage, a ThinkPad mai Linux kuma layukan START_CHARGE_THRESH_BAT0=75 da STOP_CHARGE_THRESH_BAT0=80 a cikin tlp.conf.

Shawarar nan ba ta kowa ba ce, ko da yake shafukan ƙasashen waje suna ba da ita kamar doka. Mai shagon buga takardu da ke kan sola ko inbata, wanda laftop ɗinsa ke jone daga safe zuwa dare, ya kamata ya tsayar a 80. Wanda kuwa wuta ke zuwa unguwarsu na 'yan awanni, ko yake kai laftop wurin masu caji ya biya, kashi 20 ɗin nan shi ne karatunsa na dare. Shi ya cika ta zuwa 100, ya zare cajar, ya rage hasken sikirin, wanda a aikin rubutu da karatu yana cikin manyan masu cin batir, sannan kada ya saka ta cikin jaka da zafinta ko ya bar ta a but ɗin mota a rana. Idan kuma wurin taɓawa na linzami ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya daina rufuwa daidai, batirin ya kumbura. A daina cajinsa, a kai a cire shi a ranar.